KIRA GA ƘANNENMU MASU SHIGA AIKIN JARIDA: ALƘALAMI BA ƘOƘON BARA BA NE

 

A kowace shekara Jami'ar Bayero ta Kano da ta Ahmadu Bello ta Zariya da ta Maiduguri da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da sauran takwarorinsu suna yaye ɗimbin samari da 'yan mata waɗanda suka karanta aikin jarida da sadarwa. A yi walima, a ɗauki hoto da hula da alkyabba, yaro ya tafi hidimar ƙasa ya dawo. Tun bai ajiye jakarsa ba, sai mashawarta su yi masa caa. Wannan ya ce, "Ka nemi ubangida a cikin 'yan siyasa." Wancan ya ce, "Kada ka damu da albashi, katin aikinka shi ne gonarka." Idan ya nuna ƙyama, sai a dafa kafaɗarsa a ce, "Kai yaro ne, kowa ma haka yake yi."

To, mu a wannan mujalla muna faɗa da babbar murya cewa wannan shawara guba ce, kuma masu ba da ita, komai furfurarsu a cikin sana'ar, macuta ne. Sun cuci yaron, sun cuci sana'ar, sun kuma cuci talakan da ya kara rediyo a kunne yana zaton gaskiya ake gaya masa.

Bari mu fayyace yadda abin yake, domin wanda bai shiga ba ya sani. A kira taron manema labarai a wata ma'aikata ko gidan wani mai mulki. Bayan an gama jawabi, sai takarda ta zagaya kowa ya rubuta sunansa da na gidan da ya turo shi. Can sai wani ya shiga ciki ya fito da ambulan, a koma gefe a kasafta. Ba a kiransa cin hanci, a'a, sunansa "kuɗin mota" ko "na goro". Washegari labari ya fita sumul, babu tambaya ko ɗaya a kan asibitin da ba magani ko makarantar da rufinta ya yaye. Ranar da aka hana ambulan kuwa, ranar ce ɗan jarida zai tuna cewa akwai talakawa. Ashe ke nan yabonsa na sayarwa ne, sukarsa ma ta sayarwa ce.

Wannan ciwo yana da asali. Tun ƙarshen shekarun 1980, zamanin tsarin tsuke bakin aljihu na SAP, gwamnati ta ce wa gidajen rediyo da talabijin nata su fara neman kuɗin shiga da kansu, sai aka fara sanya wa labari farashi kamar talla. A 1992 aka kafa hukumar NBC, aka buɗe ƙofa ga tashoshi masu zaman kansu; RayPower ta fara a Legas a 1994, Freedom Radio ta fara a Kano a 2003, daga nan tashoshi suka yi ta tsirowa. Wannan alheri ne, domin bakin talaka ya buɗe. Amma kuɗin talla bai yawaita kamar yadda tashoshi suka yawaita ba, ga tsadar man janareta. Sai wasu masu gidajen suka ga hanya mafi sauƙi ita ce su miƙa wa yaro kati da na'urar ɗaukar magana, su ce ya je ya nemo wa kansa, ya kuma kawo talla a ba shi kamasho.

Masu kare wannan ɗabi'a suna da hujjoji biyu. Ta farko, wai kyauta ce, kuma mayar da kyauta rashin ladabi ne. Amsar wannan ta daɗe a hannunmu. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wani ma'aikaci da aka aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani kaso ya ce shi aka bai wa kyauta. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai yarda da wannan ba, ya nuna cewa ma'aunin shi ne ko kyautar za ta iske shi da a gidan iyayensa yake zaune. To, ya kai ɗan uwa, auna ambulan ɗinka da wannan mudu. Da ba ka riƙe da makirufo, kwamishina zai san da zamanka? Idan amsar a'a ce, to ba kai aka bai wa ba, bakinka aka saya. Ko a ƙa'idar sana'ar ma haka abin yake: kundin ɗa'ar aikin jarida da ƙungiyar NUJ da ta editoci da ta masu gidajen jaridu suka amince da shi a Ilorin a 1998 ya hana ɗan jarida nema ko karɓar wani abu domin ya buga labari ko ya danne shi.

Hujja ta biyu ita ce yunwa, kuma ba za mu yi mata dariya ba. Mun san akwai wakilan da suke shafe watanni ba albashi, alhali kuwa doka ta sanya mafi ƙarancin albashi naira 70,000 tun 2024. Mai gidan jaridar da ya ci gumin ma'aikacinsa azzalumi ne, ko da kullum tasharsa wa'azi take watsawa. Amma zaluncin da aka yi maka bai halatta maka ka juya ka zalunci mai sauraro ba. Wanda ɓarawo ya shiga ɗakinsa ba ya huce haushi da haura katangar maƙwabci. Haƙƙinka yana wurin wanda ya ɗauke ka aiki, can za ka neme shi, kai da ƙungiyarka, har gaban kotun ma'aikata idan ta kama.

Akwai kuma wani rami da ya fi ambulan zurfi, wato aikin sojan baka. A da a rediyo kawai muka san shi, inda ake sayen fili a zauna ana yaga mutuncin abokin hamayya. Yanzu ya koma Facebook da TikTok da WhatsApp, kuma waɗanda ake nema ruwa a jallo su ne masu digirin sadarwa, domin sun iya tsara magana da haɗa hoto. A saya wa yaro waya da data, a ba shi wani muƙamin da ba ofis ba tebur, aikinsa kawai ya zagi sa'an mahaifinsa. Ranar da uban gidan ya faɗi zaɓe ko ya sauya sheƙa, sai a bar shi da abokan gaba da baƙin suna, kuma intanet ba ta mantuwa. Wace tashar kirki ce za ta ba shi labarai ya karanta bayan haka?

Kada wani ya ce ai magana ce kawai. A watan Agusta na 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Nijeriya, saƙon ƙarya ya zagaya wayoyi cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka tashi cikin dare suna yi, wasu suka kwanta asibiti, wasu suka rasu. A watan Yuni na 2018, lokacin rikicin Jihar Filato, an yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook, binciken BBC ya gano cewa wasunsu ba ma a can aka ɗauke su ba, amma sun riga sun hura wuta. A Ruwanda kuwa, a 1994, gidan rediyon RTLM ya zama makamin kisan ƙare dangi, har kotun duniya ta ɗaure wasu jagororinsa a 2003. Saboda haka ne aya ta 6 a Suratul Hujurati ta wajabta bincike kafin a ɗauki labari, kuma a gabatarwar littafin Imamu Muslim akwai babi a kan hana mutum faɗin duk abin da ya ji. Malaman hadisi sun tambayi "wa ya gaya maka, shi kuma wa ya gaya masa" ƙarnoni kafin a buɗe sashen koyon jarida a ko'ina. Abin kunya ne jikokinsu su zama masu "an ce, an ce".

Sana'ar nan tana da magabata na ƙwarai. Abubakar Imam ya riƙe Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, fiye da shekara goma, kuma har yau da Hausarsa ake koyon Hausa. A 1984 an ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian a ƙarƙashin Doka ta 4. A ranar 19 ga Oktoba, 1986, aka kashe Dele Giwa na mujallar Newswatch da bam a cikin ƙunshin saƙo. Bagauda Kaltho, wakilin mujallar TheNews a Kaduna, ya ɓace a zamanin mulkin Abacha, iyalinsa ba su sake ganinsa ba. Waɗannan da 'yancinsu da rayukansu suka biya kuɗin filin da kuke shirin shiga. Ba daidai ba ne ku sayar da shi a kan kuɗin cefanen kwana biyu.

To, mene ne abin yi? Ga nasiharmu.

Na farko, ka gyara harshenka. Kasuwarka mafi girma Hausa ce: BBC tana watsa shiri da ita tun 1957, Muryar Amurka ta fara a 1979, ga Jamus da Faransa, ga jaridar Aminiya da Arewa24 da tashoshin FM birjik. Amma sau nawa muke ganin mai digiri bai san inda ake raba kalma da inda ake haɗe ta ba, bai bambanta ƙ da k ba, fassararsa kuwa Turanci ne sanye da babbar riga? Wanda ya iya Hausa da Turanci da fassara mai tsabta, aiki ne zai neme shi.

Na biyu, ka riƙi fage guda ka ƙware a kansa: noma, ko kotu, ko lafiya, ko kasafin kuɗi. Wanda ya iya karanta kasafin jiharsa ya bi sawun kwangilar rijiyar burtsatse har ƙauyen da aka ce an haƙa ta, ya fi mai bin ayarin gwamna daraja, kuma ba a maye gurbinsa da sauƙi.

Na uku, kada shekarar hidimar ƙasa ta wuce a banza. Edita ba ya tambayar makin da ka ci, cewa yake "nuna mini abin da ka yi". Ka fita da rahotanni goma na hannunka, rubutattu ko na murya ko na bidiyo, ko da wayarka ka haɗa su. Ka koyi tace murya da hoto, ka kuma koyi gano hoton bogi. Cibiyoyi irin su Dubawa, wadda aka kafa a 2018, wannan ne aikinsu.

Na huɗu, ka san doka. Sashe na 22 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa 'yan jarida nauyin bin diddigin gwamnati. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka ikon rubuta wa hukuma takardar neman bayani, ta kuma ba ta kwana 7 ta amsa. Haka kuma ɓata suna laifi ne a dokar Final Kod, kuma an sha kama 'yan jarida da sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Garkuwarka ita ce hujja a rubuce da jin ta bakin kowane ɓangare.

Na biyar, kada ka fara aiki sai da takardar kama aiki mai ɗauke da albashi. Wanda ya ce maka kati ya isa, ya riga ya gaya maka irin aikin da yake so ka yi masa. Gara ka haɗa da koyarwa ko fassara ko ɗaukar hoton biki ko 'yar tireda, ka ci halal, har Allah ya kawo wurin kirki.

Na shida, idan hulɗa da jama'a ko talla ka zaɓa, babu laifi, sana'a ce mai zaman kanta, har Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta ware mata digirinta daban lokacin da ta rarraba fannin sadarwa a 2020. Sai dai ka fito fili ka ce kai kakakin wane ne, kuma kada ka yi masa ƙarya. Abin da muke yaƙa shi ne mutum ya karɓi albashin kakaki da dare, da safe ya zauna a kujerar ɗan jarida.

Ke kuma 'yar uwa, wannan fage yana bukatarki, domin akwai ɗakunan haihuwa da zaurukan marayu da sansanonin 'yan gudun hijira inda mace ce kawai za a buɗe wa ciki. Ki riƙe mutuncinki, kuma duk wanda ya nemi ya sanya miki wani sharaɗi na banza kafin ya ba ki aiki ko fili, ki tona shi, kada ki rufa masa asiri.

Daga ƙarshe muna kira ga iyaye da su daina auna ɗansu ɗan jarida da motar da abokinsa sojan baka ya shigo da ita unguwa. Muna kira ga masu hali a cikinmu da suke kafa tashoshi da su biya ma'aikata a kan kari. Muna kuma kira ga tsofaffin hannu a sana'ar da su ji tsoron Allah a kan abin da suke koya wa na baya, domin duk yaron da suka nuna wa hanyar ambulan, suna da kamasho a cikin zunubinsa.

Allah ya tsare alƙalumanmu da harsunanmu, ya ba ƙannenmu abin yi na halal, ya sa su zama masu faɗin gaskiya ko da a kansu ne.