Aikin canjin gwiwa: Kada jita-jita ta zaɓa wa Baba allura

A Bodinga da Shagari, dattijo kan shekara da shekaru yana jan ƙafa kafin 'ya'yansa su haɗa kuɗin canja masa gwiwa, ko a Sakkwato ko a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano. Abin takaici, idan ranar ta zo, kuɗi kawai muke tambaya. Ba ma tambayar yadda za a kashe masa zafin aikin.

Hanyoyin biyu ne. Ko a sa shi barci gaba ɗaya, na'ura tana taya shi numfashi, ko a yi masa allura a ƙasan baya, jiki ya mutu daga ƙugu zuwa ƙafa na 'yan sa'o'i. Ta biyun ce mutanenmu ke gudu, wai tana gurgunta mutum ko ta bar masa ciwon baya har abada. Gurguncewa daga wannan allurar abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Galibi ma mai ita ya fi saurin dawowa hayyacinsa, amai ya fi yi masa sauƙi, ya kuma ci abinci da wuri.

Amma ba kowa ta dace da shi ba. Mai shan maganin tsinka jini ko mai wasu cututtukan zuciya yana buƙatar shawarar likita ta musamman. Don haka a faɗa wa likitan duk abin da Baba ke sha, har da jiƙo da sassaƙe.

Zaɓin yana da nasaba da warkewa. Likitoci suna son majinyaci ya taka ƙafa cikin sa'o'i 24 zuwa 48, domin doguwar kwanciya kan sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gwiwar kuma ta sandare. Tausayin da ke sa mu ce "a bar shi ya huta" cutarwa ce.

Kafin a sallamo shi, a tanadi gado mai tudu, masai na zama da kujerar sallah. A ware kuɗin motar komawa wajen masu gashin ƙashi a Sakkwato tsawon makonni. Kuma kada a kai wannan gwiwar wajen mai ɗori, ƙarfe da roba ne a ciki.

Kafin ka sa hannu a takardar amincewa, nemi ganin likitan da zai ba da allurar, ka tambaye shi wacce ta dace da Baba, da dalilinsa.