Sabon koci: kada wasannin share fage su ruɗe mu

Da zarar an ji cewa wani kulob na Yamai ya ɗauko sabon mai horarwa, fadojin shayi daga Gamkalley har Boukoki sai su rikiɗe su koma kotu. In ya ci wasan sada zumunci biyu, an ce an samu gwani. In aka doke shi sau ɗaya, an fara tambayar wa ya kawo shi. Duk wannan tun gasar Super Ligue ba ta buɗe ba. A ganina hukuncin nan ba shi da tushe, kuma yana kawar da idonmu daga inda matsalar take.

Masu kallon ƙwallon Ingila sun san labarin. A 2014 Louis van Gaal ya karɓi Manchester United, ya tafi da ita Amurka, ya doke Real Madrid da 3-1 gaban 'yan kallo fiye da 109,000, ya doke Liverpool ya ɗauki kofin share fage. Ranar farko ta gasar Firimiya, Swansea ta zo har Old Trafford ta ci shi 2-1, kuma kafin wata ya ƙare ƙaramin kulob MK Dons ya zuba masa huɗu ba ko ɗaya. A wasan share fage koci yana gwada matasa ne, yana canza rabin 'yan wasa bayan hutun rabin lokaci, ƙafafu kuma sun yi nauyi saboda gudun atisaye. Sakamakon irin wannan wasa ba ma'auni ba ne.

Mu ma muna da namu misalin, ta ɗaya gefen. Badou Zaki, tsohon golan Maroko, yana sabon hannu a Mena lokacin da aka shiga neman gurbin gasar cin kofin Afirka ta 2025. Maki ɗaya tak ya samu a wasanni huɗu na farko: Sudan ta ci mu, aka yi kunnen doki da Ghana, Angola ta ci mu sau biyu. Da surutun fada ake bi, da tun a watan Oktoban 2024 ya tattara kayansa. A Nuwamba sai ga Mena ta lallasa Sudan 4-0 a Lome, ta je Accra ta doke Ghana 2-1, gurbin ya kuɓuce mata da maki ɗaya kacal. Shekara guda bayan nan ta ƙare ta biyu a rukuninta na neman zuwa kofin duniya, bayan Maroko, gaban Tanzaniya da Zambiya. Kuma wasannin da ake kira na gida, a ƙasashen wasu aka buga su, ba a filin Seyni Kountché ba.

Abin da ya kamata ya dame mu shi ne jadawali. Zagayen farko na gasannin CAF yana faɗowa a Agusta ko Satumba, lokacin da gasar cikin gida take hutu. Ma'ana zakaran Nijar yana fita daga 'yan wasannin sada zumunci kai tsaye zuwa gaban manyan nahiyar. A Agustan 2024 AS GNN ta haɗu da Raja Casablanca, aka tashi 7-1 jimillar wasa biyu. Wane koci ne, sabo ko tsoho, zai toshe wannan giɓi da atisayen mako huɗu? Ba wai 'yan wasanmu ba su iya ba: AS FAN ta kai matakin rukuni na kofin Confederation a 2010, USGN ta kai a kakar 2021-2022. Amma sai a daɗe kafin a sake gani.

Saboda haka tambayoyin da ya dace magoya baya su yi wa shugabannin kulob a wannan lokaci ba na yawan ƙwallaye ba ne. Kwantiragin shekara nawa aka ba kocin? Shi ya zaɓi sababbin 'yan wasa, ko ya tarar an riga an ɗauko masa? An biya albashin watannin hutu? Ita kuma FENIFOOT ta fitar da ranar buɗe gasa tun da wuri, ta shirya wa wakilan ƙasa wasanni masu zafi da kulob-kulob na Burkina Faso da Mali kafin Agusta.