Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hukumar NESREA Kan Turakun Sadarwa a Shabu



Mu mutanen Shabu muna son sabis ya yi ƙarfi, kuma muna maraba da turakun sadarwa. Roƙonmu shi ne a duba wurin kafin a zuba kankare.

Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli tana nan tun 1992, ku da kanku kuma kun fitar da ƙa'idojin kafa turakun sadarwa a 2011. To, wa ke ɗaga kai ya dubi bishiyar da za a sare? Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulu cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. A kan dogayen bishiyoyi take sheƙa, ƙwai ɗaya tak take sakawa. Ita ce ke kwashe mushe kafin ya zame mana cuta. Dattawanmu sun san yadda take cika mahauta a da. Yau sai an yi sa'a.

Haka kuma, jar fitilar kan turaku da ba ta ƙiftawa tana ruɗa tsuntsaye masu ƙaura da dare, shi ya sa Amurka ta koma ga mai ƙiftawa.

Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa tana nan Shabu. Ku sa malamanta su zagaya kowane fili, a karanta wa mai unguwa rahoton da Hausa kafin ku sa hannu.

Naku,
Wani mazaunin Shabu, Lafiya