RA'AYI: Kafin a kama hanyar Kagoro, wa ya duba tayarod?

Kowace ranar 1 ga Janairu garin Kagoro, a Ƙaramar Hukumar Ƙaura ta Jihar Kaduna, yakan cika ya batse saboda bikin Afan. Tun daga jajibirin Kirsimeti 'yan asalin Kudancin Kaduna da ke aiki a ma'aikatun Abuja sukan ɗebi iyalansu su nufi gida, wasu ta Bwari da Jere da Kwoi zuwa Kafanchan, wasu ta Keffi. Kafin a tashi akan canza baƙin mai, a duba birki, a ƙara wa tayoyi iska, a wanke mota tas. Abin da ba kasafai ake tunawa da shi ba, shi ne wani ɗan ƙarfe da ke ɓoye a bayan kowace tayar gaba, wanda makanikai ke kira tayarod.

Shi ne igiyar da ta haɗa hannun direba da ƙafar mota. Idan aka murza sitiyari, wannan ƙarfe ne ke tura taya ko ya janyo ta. A bakinsa akwai gaɓa mai kama da ta ƙugun ɗan Adam, wani dunƙulen ƙarfe da ke juyawa cikin kwasfarsa, an cika ta da giris, an rufe da roba. Da zarar robar ta yage, giris ya fita, ruwa da ƙura su shiga su riƙa cin ƙarfen sannu a hankali. Hanyoyin wannan yanki kuwa ba su raga masa: damina mai ƙarfi ta bar ramuka, hunturu ya biyo baya da ƙura, kowane rami kuma duka ne kai tsaye a kan gaɓar.

Tayarod ba ya cin amana ba tare da gargaɗi ba. Sitiyari yakan fara wasa, a murza shi kaɗan amma mota ba ta amsa ba. Akan ji ƙwas-ƙwas daga gaba idan an hau gargada, gefe ɗaya na taya ya cinye ya bar ɗayan. A santsin titunan Maitama da Asokoro mai mota zai iya shafe watanni yana kawar da kai daga waɗannan alamu. A gangaren da ke kewaye da duwatsun Kagoro, da kwanonin hanyar Manchok, ga mutum biyar da buhun shinkafa a but, lissafin daban ne. Ranar da dunƙulen ya fice daga kwasfarsa, tayar takan karkace inda ta ga dama, sitiyarin da ke hannun direba ya zama ado.

Gwajin ba ya ɗaukar minti goma. A ɗaga gaban mota da jek, a kama taya ta dama da hagu a girgiza; in ta yi wasa, akwai magana. Sauyawar ma ba aikin kwana ba ne, muddin an sa sabon noti, an ɗaure shi yadda ya kamata, an kuma saita ƙafafun motar bayan an gama. Inda gizo ke saƙar shi ne aljihu. Tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023 da faɗuwar darajar naira, kayan gyara sun yi tashin gwauron zabo, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 kuma bai cimma tsadar ba. Shi ya sa wasu ke yarda a bubbuga tsohuwar gaɓa da guduma don ta ɗan matse, ko a sa masu ta hannu wadda ba a san shekarun da ta yi tana aiki a wata ƙasa ba. Wannan ba tsimi ba ne, jinkirta haɗari ne zuwa inda babu gareji.

Sai dai laifin bai tsaya kan masu motoci kaɗai ba. Kowace shekara suna biyan kuɗin takardar da ke shaida cewa motarsu ta cancanci hawa titi, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawa sukan karɓe ta ba tare da wani jami'i ya leƙa ƙarƙashin motar ba. A Ingila, inda aka fara irin wannan gwaji a 1960, motar da ta kai shekara uku sai an duba ta duk shekara, gaɓoɓin sitiyari na cikin abin da ake gwadawa, wadda ta faɗi kuwa ba ta samun takarda. A nan an mayar da takardar hanyar tara kuɗin shiga. Rahotannin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, sukan lissafa gudun wuce sa'a da fashewar taya da ƙwacewar mota cikin musabbaban haɗari. Kalmar ƙwacewa faffaɗa ce; sai an binciki tarkacen motar kafin a san ko direba ne ya yi sake, ko ƙarfe ne ya saki.

Masu karanta wannan shafi ba 'yan kallo ba ne. A cikinsu akwai jami'an sufuri da ke sa hannu kan kuɗin gyaran motocin gwamnati, da hadiman da ke tsara tafiyar iyayen gidansu, da masu rubuta takardun da ke zama doka. Ya kamata hukumar duba ababen hawa ta Babban Birnin Tarayya da takwararta ta Jihar Kaduna su daina ba da takardar cancanta sai motar ta hau ramin gwaji. Hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ta riƙa shiga Apo da Panteka tana gwada gaɓoɓin sitiyarin da ake sayarwa. Hukumar gyaran hanyoyin tarayya, FERMA, ta cike ramukan da ke ƙarƙashin kulawarta a Kudancin Kaduna kafin tsakiyar Disamba.

Direban ofis kuma, wanda shi ne yakan fara jin ƙarar, idan ya ce gaban mota na wasa, a ba shi kuɗin gyara da yini guda a gareji kafin a ce ya kama hanyar Kafanchan.