Ƙungiyar 'Yan Sikawut: A Fagen Fama Aka Haife Ta

Duk wanda ya ga yaro sanye da kaki, ga ƙyalle ɗaure a wuya, ga sanda a hannu, yana tsallakar da tsohuwa hanya ko yana gyara layi a wurin taro, da wuya maganar yaƙi ta zo masa a rai. Amma kakin nan da sandan nan da gaisuwar nan ta yatsu uku, duk tunanin wani hafsan soja ne, kuma ƙungiyar ta shafe shekaru fiye da ɗari tana fama da tambaya guda: shin soja ta ke renon ƙasa da shi, ko kuwa ɗan ƙasa nagari?

Wanda ya kafa ta, watau Robert Baden-Powell, an haife shi a London cikin 1857, ya kuwa yi aikin soja a Indiya da Afirka. Mutanen yammacin Afirka ma sun ga ƙurarsa, domin yana cikin rundunar da Ingila ta tura Kumasi a ƙarshen 1895, wadda ta tuɓe Sarkin Asante Prempeh a farkon 1896. A cikin wannan runduna har da sojojin nan na Gwalkwas da a ke kira Hausa. Amma abin da ya fid da sunansa shi ne garin Mafeking a Afirka ta Kudu, inda Turawan Boer suka yi masa zobe tun daga Oktoba 1899 har Mayu 1900, kwana 217 cur. Da ya ke mazan da ke iya riƙe bindiga ba su da yawa, sai wani hafsa mai suna Lord Edward Cecil ya tattara yaran Turawan garin, ya sa musu kaki, ya ba su aikin kai saƙo da wasiƙu da tsaron hasumiyar hange. Shugabansu, Warner Goodyear, shekarunsa 13. Haka su ke ratsa gari a kan kekuna alhali harsashin igwa yana zuba.

To, akwai wani ɓangare na labarin da ba a cika gaya wa yara a bakin wutar sansani ba. Mafi yawan waɗanda aka tsare a garin baƙar fata ne, 'yan ƙabilar Barolong da baƙi 'yan ci-rani. An ba ɗaruruwansu bindigogi sun yi gadi, sun yi leƙen asiri, sun shigo da shanu ta tsakiyar abokan gaba. Da abinci ya yi ƙaranci kuwa, su yunwa ta fi kassarawa, har yau masana tarihi suna gardama a kan iyakar alhakin Baden-Powell a cikin wannan. Wani tafintan kotu, Sol Plaatje, wanda daga baya ya zama sakataren farko na ƙungiyar da ta koma ANC, ya rubuta abin da ya gani kullum. An yi bikin ceton Mafeking a titunan London kamar gari zai tsage, amma da aka zo rabon yabo ba a cika tunawa da Barolong ba.

Yaƙin ya bar wa manyan Ingila fargaba. An ga yadda likitocin soja suka yi ta mai da samarin birane gida saboda rama da rashin lafiya, har gwamnati ta kafa kwamiti wanda ya ba da rahoto a kan lalacewar jikin jama'a cikin 1904. Suna tambayar kansu, wa zai riƙe musu daular nan tasu gobe? A cikin wannan hali ne Baden-Powell ya tarar ɗan littafin da ya rubuta wa sojoji a kan bin sawu da leƙen asiri ya shiga hannun malamai da yara. Sai ya kwashi yara wajen 20, 'ya'yan masu hali da 'ya'yan talakawa, ya yi zango da su a tsibirin Brownsea cikin Agusta 1907. Da ƙahon gwanki irin na Afirka, wanda ya samo a yaƙin Matabele, ya ke tashinsu da asuba. Cikin 1908 littafinsa Scouting for Boys ya fito kashi shida, yara kuwa ba su jira kowa ba, suka shiga kafa ƙungiyoyinsu unguwa unguwa. Ta 'yan mata ta biyo baya a 1910 a hannun ƙanwarsa Agnes, shekarar da shi kansa ya tuɓe kakin soja.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Alkawarin ɗan sikawut ya ƙunshi biyayya ga Allah da Sarkin Ingila, kirarinsa kuwa zama cikin shiri. Saboda haka tun 1909 wasu suka ɓalle, suna cewa wannan ai makarantar share fagen soja ce, suka kafa tasu wadda Sir Francis Vane ya shugabanta. Baden-Powell ya musa. Lalle kuwa yana da hujja, domin bai yarda da yawan fareti ba, a ganinsa fareti yana kashe wa yaro basira. Abin da ya fi so shi ne a raba yara shida shida ko takwas takwas, a ɗora ɗaya daga cikinsu a kai, su koyi yanke shawara da kansu. Amma da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke cikin 1914, sai ga 'yan sikawut suna gadin gadojin jirgin ƙasa da wayoyin tangaraho, suna tsaron gaɓar teku, manyansu kuwa suna tururuwa zuwa filin daga. Jack Cornwell, yaro ɗan shekara 16, ya sami raunin da ya yi ajalinsa a bakin igwar jirgin ruwa a gwabzawar Jutland cikin 1916. Aka ba shi lambar Victoria Cross, ƙungiyar kuma ta raɗa wa lambar jaruntakarta sunansa.

Asarar rayukan wannan yaƙi ita ta juya akalar ƙungiyar. A babban taron duniya na farko, wanda aka yi a London cikin 1920, yara wajen 8,000 daga ƙasashe 34 suka hallara, maganar da aka fi yi kuwa ita ce 'yan'uwantaka tsakanin al'ummai. A taron 1929 Baden-Powell ya binne gatari a gaban jama'a, alamar an binne gaba.

Sai dai icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, kuma ba mutanen kirki kaɗai suka san haka ba. Tarayyar Sobiyet ta kawar da sikawut, ta kafa tata ƙungiyar yara ta jam'iyya cikin 1922, har kirarin nan na zama cikin shiri ta are. Mussolini ya kafa Balilla a Italiya cikin 1926, ya rushe sikawut bayan haka kaɗan. A Jamus, Hitler ya haɗiye ƙungiyoyin matasa cikin tasa, daga 1939 shiga ta zama tilas, a ƙarshe aka tura yaran bakin daga. Kaki ɗaya, zango ɗaya, waƙe-waƙen bakin wuta iri ɗaya. Abin lura shi ne, kowane ɗaya daga cikin masu mulkin kama-karyan nan sai da ya rufe ƙungiyar ta asali, domin ba zai jure wa taron yara wanda ba na gwamnati ba ne, mai shiga don ganin dama, mai 'yan'uwa a ƙetaren iyaka. Wannan ita ce shaida mafi ƙarfi da ƙungiyar ke da ita, ta kuwa fi duk jawaban shugabanninta nauyi.

A Polan abin ya ɗauki wata kama. Da Jamus ta mamaye ƙasar cikin 1939, 'yan sikawut suka koma aiki a ɓoye. A boren Warsaw na 1944 manyansu sun yi yaƙi, ƙananan kuwa su suka riƙe gidan waya, suna kai wasiƙu ta cikin kangaye. Jama'a da yawa sun ji labarin iyalansu ta hannunsu, yara da yawa kuma ba su komo ba.

Maganar zama ɗan ƙasa ma ba ta tafi sumul ba, domin sai an fara sanin wa aka yarda ɗan ƙasa ne. Dokar sikawut ta ce kowane ɗan sikawut ɗan'uwan kowane ne, amma a Afirka ta Kudu ware wa yara baƙar fata tasu aka yi, mai suna Pathfinders, ba a haɗe su wuri guda ba sai 1977. A Nijeriya, inda sikawut ta shigo cikin 1915, yaro ya yi ta rantsuwar biyayya ga sarkin wata ƙasa har zuwa lokacin mulkin kai. Bayan nan ne aka karɓi ƙungiyar ƙasar cikin ta duniya da sunan kanta, a 1961.

Baden-Powell ya rasu a Nyeri ta Kenya cikin 1941, ana tsakiyar yaƙi na biyu. Cikin 1981 UNESCO ta ba ƙungiyar duniya ta sikawut lambar koyar da zaman lafiya, a yau kuwa 'ya'yanta sun haura miliyan 50. Dokar duniya ma ta sauya. Yarjejeniyar Roma ta 1998 ta sa amfani da yaro ɗan ƙasa da shekara 15 cikin yaƙi a jerin laifuffukan yaƙi, ƙa'idodin Paris na 2007 kuma suka bayyana cewa yaron da soja ke aika da saƙo shi ma yana cikin waɗanda ya wajaba a kare. Kan sarkin kwabo ɗaya da aka buga a Mafeking lokacin tsarewar, wanda masu tara irinsa ke nema ruwa a jallo, hoton Goodyear ne a kansa, yana bisa kekensa.