Abraham Klein: rafarin da rashin tsoro ya hana shi busa wasan ƙarshe

1/ Jama'a, kullum muna zagin rafari. Yau ku zo mu yi maganar wani alƙalin wasa ɗan Isra'ila, Abraham Klein, wanda a ganina FIFA ta zalunta a 1978. Laifinsa ɗaya: bai ji tsoron masu masauki ba. 🧵

2/ Na san wasu suna ganin "Isra'ila" za su wuce, saboda abin da ke faruwa a Gaza. Ba zan ce kada ku ji haushi ba. Amma nan maganar mutum ɗaya ce da usur ɗinsa, kuma abin da aka yi masa ana yi wa alƙalai har gobe.

3/ An haife shi a 1934 a Timisoara, ƙasar Romaniya. Yana yaro yaƙin duniya na biyu ya ci danginsa da dama. Bayan yaƙin ya koma Isra'ila, ya fara busa a gasar cikin gida. Ku lura, gasa ce ƙarama da ba wanda ke kallo a Turai.

4/ Duk da haka a Kofin Duniya na 1970 a Meziko aka damƙa masa Ingila da Brazil. Mai riƙe da kofi da mai shirin ɗauka. Wasan da Gordon Banks ya ture ƙwallon da Pele ya sa wa kai, Jairzinho ya ci ɗaya tilo. Yau ana tuna Banks, ana tuna Pele, ba a tuna alƙalin. Ga rafari, ai wannan shi ne yabo.

5/ A 1974 bai je ba. A Jamus ta Yamma aka yi gasar, shekara biyu bayan kashe 'yan wasan Isra'ila a Olamfik ɗin Munich, sai aka ajiye shi saboda tsaro. Fasfonsa ya jawo masa, ba aikinsa ba.

6/ To ga inda maganar take. 1978, Ajantina. Sojoji ke mulki ƙarƙashin Janar Videla, mutane na ɓacewa, gwamnati kuma na son kofin nan ido rufe don ta wanke sunanta. Aka ba Klein wasan Ajantina da Italiya a filin River Plate, Buenos Aires.

7/ Filin ya cika maƙil, kowa na ihun fenariti da zarar ɗan gida ya faɗi. Klein ya ƙi busawa. Roberto Bettega ya ci, Italiya 1, Ajantina 0. Shi ne kaɗai wasan da masu masaukin suka sha kashi a gasar gaba ɗaya, har sai da suka bar babban birnin suka koma Rosario don zagaye na biyu.

8/ Da wasan ƙarshe ya zo, da yawa sun ɗauka shi za a ba. An daɗe ana ruwaito cewa Ajantina ce ta nuna ba ta son sa. Abin da ba a musu a kai: an ba Sergio Gonella na Italiya, shi kuma Klein aka tura shi wasan neman na uku, Brazil da Italiya.

9/ Me ya faru a wasan ƙarshen? Tun kafin a take, 'yan Ajantina suka tada rigima kan filastar da ke hannun René van de Kerkhof na Holan, aka yi ta jan lokaci, alƙali na kallo. Ajantina ta ci 3-1. Ban ce an saya musu kofi ba, Kempes ya yi wasa ƙwarai. Amma ta yaya mai shari'a a kotu zai samu bakin magana kan wanda zai yi masa alƙalanci?

10/ Kuma fa ba waliyyi ba ne. A 1982 shi ya busa Italiya 3, Brazil 2, ranar da Paolo Rossi ya ci uku. Gentile ya yaga rigar Zico a cikin da'ira, ba a ba da fenariti ba. Antognoni ya ci ta huɗu aka soke da sunan satar gida, alhali ƙwallon ba ta da laifi. Kowane ɓangare ya fita da ƙorafi. Wannan kuskure ne. Kuskure daban, tsoro daban, mu ne muke haɗa su idan ƙungiyarmu ta faɗi.

11/ Duk mai zuwa kallon gasar Firimiyar Najeriya ya san zancen. Rafari na shiga fili yana lissafin ta wace ƙofa zai fita lafiya. Sai mu ce a kawo VAR. VAR za ta gyara irin ƙwallon Antognoni. Ba za ta kare alƙalin da aka daina ba manyan wasanni don ya ɓata wa mai gida rai ba.

12/ A wasan ƙarshe na 1982 a Madrid, Klein ya shiga fili, amma da tuta a hannu a gefen layi. Arnaldo Coelho na Brazil ne ya riƙe usur. Kofin Duniya uku ya busa, na ƙarshensa ke nan.