Waiwaye: Dala Biliyan 20 da Tambayar da Muka Bari a Baya

A watan Satumban 2013 gwamnan Babban Bankin Najeriya, Sanusi Lamido Sanusi, ya rubuta wa Shugaba Goodluck Jonathan wasiƙa cewa kamfanin mai na ƙasa, NNPC, bai zuba dala biliyan 49.8 na kuɗin ɗanyen mai a asusun tarayya ba. Wasiƙar ta fita fili, aka yi ta ja-in-ja a kan lissafin, adadin ya yi ta sauka da hawa. A Fabrairun 2014, gaban kwamitin kuɗi na Majalisar Dattawa ƙarƙashin Ahmed Makarfi, Sanusi ya tsaya a kan biliyan 20: daga Janairun 2012 zuwa Yulin 2013 an ɗebi mai na biliyan 67, biliyan 47 kawai ta shigo. Ranar 20 ga watan, yana Yamai wajen taro, aka dakatar da shi bisa zargin sakaci da dukiyar banki. Wata huɗu bayan haka ya zama Sarkin Kano.

Daga nan "biliyan ashirin" ta shiga bakin kowa. A tashar mota, a teburin mai shayi, a shirye-shiryen rediyo na kiran waya, an daina cewa dala ma, adadin kawai ake ambata. Da guguwar zaɓen 2015 ta taso, aka haɗa ta da motocin sulke biyu na naira miliyan 255 da aka saya wa ministar jiragen sama Stella Oduah, da 'yan matan Chibok, da garuruwan da Boko Haram ta kafa wa tuta. Jama'a sun gaji, kuma suna da hujjar gajiya. Aka ɗaga tsintsiya, aka ce canji, aka ce sai Mai Gaskiya, wato Buhari.

Amma cikin bayanin Sanusi akwai wani ɓangare da bai yi farin jini a dandalin kamfe ba, alhali shi ne zuciyar maganar. NNPC na sayar da mai, ya cire abin da ya ce ya kashe, sannan ya miƙa ragowar ga asusun da tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi ke rabawa. Shi ne mai sayarwa, shi ne mai lissafi. Ɗauki kananzir. A lokacin, a takarda lita naira 50 ce, saboda tallafin da kamfanin ke cirewa daga kuɗin kowa, duk da umarnin da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya bayar a 2009 na janye shi. Uwar gida kuwa a kwalba take saye wajen mai tebur a bakin layi, tana ɗaga kwalbar sama ta ga ko an cika mata, kuma in ka lissafa lita ta haura naira 120. An cire tallafi da sunanta, ita ba ta gan shi ba. Randar ce ke yoyo daga ƙasa, mu kuma duk hankalinmu na kan wanda ke riƙe da moɗa.

Abu na biyu da hayaniya ta rufe shi ne farashin mai. A tsakiyar 2014 ganga ta haura dala 100. A Janairun 2015, ana tsakiyar yawon neman ƙuri'a, ta faɗo ƙasa da 50. Tun Nuwamba Babban Banki ya karya darajar naira daga 155 zuwa 168 a dala. Asusun rarar mai, wanda ya taɓa kai kusan dala biliyan 20, saura kimanin biliyan 2. Jihohi da dama sun fara kasa biyan albashi. Duk wanda zai ci zaɓen nan baitulmali mai rauni zai gada, kuma masu neman kujerar sun sani. Duk da haka alƙawura aka yi ta zubawa: miliyoyin ayyuka, naira dubu biyar-biyar ga marasa galihu, wuta, hanyoyi. In an tambaya ina kuɗin, amsar ɗaya ce, za a toshe sata. Ta yi daɗin ji, muka karɓa ba mu nemi ƙari ba.

Rahoton binciken kuɗin NNPC da aka ba kamfanin PwC ma siyasa ta cinye shi. Kafin zaɓe taƙaitawa kawai aka fitar, cewa ya kamata NNPC ya mayar da dala biliyan 1.48. Cikakken rahoton sai ƙarshen Afrilu, bayan Buhari ya kayar da Jonathan ranar 28 ga Maris da ƙuri'a miliyan 15.4 a kan 12.9. A ciki masu binciken suka ce ba a ba su dukkan takardun da suka nema ba. Lokacin kowa ya koma lissafin wa zai zama minista, lissafin da ya kai mu har Nuwamba.

Ba zan ce ba a yi komai ba. An tilasta asusun bai-ɗaya na TSA, an gurfanar da tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Sambo Dasuki, kan dala biliyan 2.1 na makamai, a 2020 NNPC ya wallafa lissafinsa da aka tantance a karon farko, a 2021 aka sa hannu a dokar man fetur. Sai dai cire kuɗi tun daga tushe bai tsaya ba, suna kawai ya sake. A Mayun 2016 fetur ya tashi daga naira 86.50 zuwa 145, tattalin arziki ya shiga karaya, a farkon 2017 dala ta haura naira 500 a kasuwar bayan fage. A 2022 tallafin fetur ya lashe sama da naira tiriliyan 4, aka yi watanni NNPC bai sa ko kwabo a asusun tarayya ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da yawa daga masu ɗaga murya a 2014 sun yi tsit, don a lokacin namu ne a sama, kuma tambayar namu kamar cin amana ake ɗaukarta.

Abin kunya na da amfani a lokacin zaɓe, yana tayar da mai barci. Illarsa ita ce yana sauƙaƙa wa ɗan adawa aiki: ya isa ya nuna ɓarawo da yatsa, ba sai ya faɗi dokar da zai canza ba, ko abin da zai yanke in kuɗin shiga ya ragu da rabi. Mu ma yana sauƙaƙa mana, mu jefa ƙuri'a mu ce mun sauke nauyi.

Za a sake zuwa da wata badaƙala, za a sake cika filin taro. Duk wata ana buga abin da kowace jiha da ƙaramar hukuma ta samu daga rabon Abuja. Kafin ɗan takara ya hau mumbari a garinku, a samu matasa biyu su nemo adadin na wata shida, a karanta masa a gaban dagaci da liman, a tambaye shi nawa ya isa asibitin garin da makarantar firamare, kuma wa zai duba littafinsa in shi ya hau.